Ƙarar inji a hawan hanyar Ƙonni: laifin man inji ne ko na esansi?

Malama mai Corolla: Assalamu alaikum ƴan zaure. Shawara nake nema. Motata Corolla ce ta 2006. Tun da zafin Afrilu ya shigo, in na fita Tawa na kama hanyar Ƙonni, na zo wurin hawa na ba ta wuta tana babbar giya, sai in ji ƙara cikin inji, kas-kas-kas, kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani. Da na ɗaga ƙafa sai ta yi shiru. An ce mini man injin da nake zubawa ne bai da kyau, wai in sayi santetik mai tsada, ƙarar za ta ɗauke. Kuɗinsa ya ninka na wanda na saba fiye da sau biyu. Kafin in fid da kuɗin nan, gaskiya ne?

Mai shagon mai: Wa alaikumus salam Malama. Gaskiya aka faɗa miki, kuma ba don ina sayarwa nake faɗa ba. A 2017 ƙungiyar masu motoci ta Amurka, AAA, ta kai mai iri biyu ɗakin gwaji, santetik da na gargajiya, aka gasa su, aka sanyaya su, aka murza su. Santetik ya fi ɗayan da kusan kashi 47 cikin ɗari. A wannan zafi namu da ke wuce digiri 40, mai araha tsinkewa yake kamar ruwa, ƙarfe ya riƙa bugun ƙarfe. Bugun ke nan kike ji.

Baba makanike: Alhaji, dakata. Ɗiyata, amsa mini abu ukku. Da sahe in kin tada ta tana tsaye, kina jin ƙarar? Fitilar mai tana kamawa? Ina kike shan esansi?

Malama mai Corolla: Baba, da safe lafiya lau take, fitila ba ta taɓa kamawa ba. Esansi kuwa wani lokaci a gidan mai, wani lokaci na kwalba a bakin hanya, in na makara zuwa lakkol.

Baba makanike: To ba bugun ƙarhe ba ne. Ƙara biyu ce mutane ke haɗawa su ba su suna guda. Akwai ta ƙasa, mai nauyi, dum-dum-dum, kamar ana daka cikin turmi. Wagga kusine ne sunka cinye, wato ɓawon ƙarhen da ke tsakanin sandar inji da biyel, hannun da ke riƙe da piston, sai biyel ya riƙa wasa bisa sandar. Ita tana da alaƙa da mai: ko an bar shi ya ƙare, ko an daɗe ba a yi bidanj ba, wato canjin mai. In ta fara kuwa babu man da ke maido da ƙarhen da ya riga ya tahi, sai an buɗe inji. Ta biyu ta sama ce, siririya, ba ta hitowa sai mota ta yi zahi kuma an ɗora mata nauyi. Ita ce taki. Can cikin ɗakin wuta take, inda esansi ke ƙonewa. Shekaruna cikin garaji ban taɓa ganin an canza man inji ta ɗauke daga ranar ba.

Direban Agadas: Baba, a gafarce ni, ni na gani. Hiace ɗina tana ƙara, na zuba 20W-50 mai kauri, kafin in kai Abalak ta yi tsit. Ni ban yarda da wanga mai na zamani ba da ke zuba kamar shayi. Ka sa yatsa biyu ka murza, in ya yi danƙo shi ne mai.

Baba makanike: Taka ta ƙasa ce, ɗana. Mai kauri ya cike giɓin ya rufe mata baki, ciwon na nan ciki. Ka kawo ta in auna matsin mai kafin ta kwantar da kai cikin daji da fasinja.

Injiniya daga Yamai: Sannunku iyayena. Ni ɗan Tawa ne, ina aikin kula da motoci da janareto a Yamai, kuma mukan ɗebi man da ya yi aiki mu aika ɗakin gwaji. Zancen Baba haka yake, bari in ƙara dalili. In buji ya ba da tartsatsi, wuta ya kamata ta bazu a hankali daga tsakiya zuwa gefe, ta tura piston. Idan zafi da matsi suka yi yawa, ragowar esansi da iska da ke gefe sai su fashe da kansu tun wutar ba ta iso ba. Girgizar fashewar nan ce ke buga bangon silinda, ita Malama ke ji. Abin da ke hana esansi fashewa da wuri shi ake kira oktan. A ma'aunin, wani sinadari isooktan shi ne 100, heptan kuma 0, kowane esansi ana gwada shi tsakaninsu cikin wani injin gwaji na musamman. In aka surka esansi da kananzir, oktan ɗinsa faɗuwa yake. Man inji yana ƙasa yana shafa ƙarfe, ba shi ke ƙayyade oktan ba.

Kuma wannan Corolla tana da na'urar da ke sauraren ƙarar. Da ta ji, kwamfutar mota na jinkirta tartsatsin buji, mota ta rage ƙarfi ta ƙara shan esansi. In har kunnen mutum na ci gaba da jinta, ko dai abin ya fi ƙarfin gyaran kwamfutar, ko na'urar ce ta lalace.

Mai shagon mai: Injiniya, to gwajin AAA ƙarya ne ke nan?

Injiniya daga Yamai: A'a Alhaji, gaskiya ne, ni ma santetik nake zuba wa motata. Amma a duba me aka auna. Akwai gwajin da ake kira Noack: a ɗora mai a digiri 250 na awa ɗaya a ga nawa ya ƙafe, kuma ƙa'idar API (cibiyar man fetur ta Amurka) ta man motoci ba ta yarda ya wuce kashi 15 ba. Ana auna kaurinsa a digiri 100, a sake aunawa a digiri 150 ana murza shi da ƙarfi. Ana duba daɗewarsa kafin ya lalace, da dattin da yake bari. A nan santetik na cin nasara. Amma cin wannan jarrabawa bai ce zai gyara esansin da aka surka ba.

Shi ya sa gwajin yatsa na yayana direba ba ya nuna komai. Lambar da ke gaban W ta sanyi ce, ta bayanta kuma kauri ne a digiri 100. Yatsa yana auna mai a zafin inuwa, inda inji ba ya aiki.

Direban Agadas: Boko dai. Su da sunka yi gwajin sun taɓa bin hanyar Agadas cikin hazo?

Injiniya daga Yamai: Wannan tambaya taka ita ce ta fi damuna, Yaya, don da gaskiyarka. Duk sakamakon da ya dawo mana daga ɗakin gwaji, layin da nake fara dubawa shi ne na silikon, wato ƙura. In ya hau, za ka ga na baƙin ƙarfe ya bi shi, alamar inji na cin kansa. Ƙurar nan ta filtar iska take shiga, ko ta tiyon da ya tsage, ko ta mazurarin da aka ajiye a ƙasa aka ɗauka aka zuba mai da shi. Mai komai tsadarsa, in yashi ya shige shi ya zama abin goge ƙarfe. Ina jin zafin ganin mutum ya sayi mai na kuɗi masu yawa, ya ce an rubuta zai yi kilomita dubu goma sha wani abu, alhali filtar iskarsa shekara biyu ana kaɗe ta a jikin taya ana mayarwa. Littafin mota da kansa yana cewa in hanyar ƙura ce a rage tazarar bidanj. Mu kuwa duk hanyarmu ta ƙura ce.

Mai shagon mai: To ni ga abin da ke rubuce a jikin bidon da ke gabana: API SP, kuma an ce yana kare inji daga fashewar esansi da wuri. Su ma ba su sani ba?

Injiniya daga Yamai: Sun sani, kuma a nan kana da gaskiya. Akwai wata cuta da ake kira LSPI. Tana kama ƙananan injuna masu turbo (na'urar cusa ƙarin iska cikin inji) waɗanda ke fesa esansi kai tsaye cikin silinda. Ɗigon mai da ya gauraya da esansi kan kama wuta kafin buji ya yi tartsatsi, lokacin da aka taka mota da ƙarfi inji na juyawa a hankali. Bugu ɗaya na iya fasa piston. An gano cewa sinadarin wanke inji mai kalsiyam da yawa na ƙara ta, sai kamfanoni suka rage shi suka haɗa da magniziyam. Dalilin fito da matsayin mai na API SN Plus ke nan a 2018, da SP a 2020, kuma da injin Ford mai lita 2 da turbo ake yin gwajin. Duk mai irin waɗannan sababbin motoci da suka fara shigo mana, kada ya kuskura ya zuba abin da bai kai wannan matsayi ba. Amma Corolla ta 2006 ba turbo, esansinta kuma a bakin bawul ake fesa shi. Wannan cuta ba tata ba ce.

Ɗan kabu-kabu: Ni dai tambayata, yaya mutum zai san na cikin bidon shi ne wanda anka rubuta? An taɓa saida mini, bidon sabo fil, kwana huɗu mai ya koma baƙi yana warin ƙuna.

Mai shagon mai: Wannan kam bala'i ne da ke ɓata mana suna. Ana bin garaji ana sayen bidon wofi, a cika da man da aka tace, a manne murfi. Ka duba zoben murfi da lambar da aka buga a jiki, ka saya inda in ka dawo gobe za ka iske mai shagon. In an yi maka bidanj ka huda bidon da wuƙa kafin ka bar shi.

Baba makanike: Nan na yarda da Alhaji ɗari bisa ɗari. Kuma in ƙara mashi wani abu, don kar a ce na hana shi komi. In segima, wato zobban piston, sunka gaji, mai na haurawa sama shina ƙonewa tare da esansi. Shi kan bar baƙin gawayi bisa kan piston, ɗakin wuta ya ƙuntace, matsi ya ƙaru, gawayin ya riƙe zahi, ƙarar ta samu wurin zama. Mota da ta tashi da mai mai kyau ana canza mata kan lokaci ba ta saurin kai nan. Na buɗe injuna da yawa, da ka ɗaga murhi kana gane wadda anka kula da ita. Amma wanga riga-kafi ne na shekaru. Ɗiyata, ga abin da za ki yi bi da bi: ki bari tanki ya kusa ƙarewa, ki cika a gidan mai, ki bar ruwa-ruwa na ɗan lokaci. A duba buji, a tabbata lambarsu ta motar ce. A wanke radiyeta, don ruwan rijiya da kuke zubawa na toshe ta da farin ƙasa, a ga ko fanka na tashi. In kin zo hawa ki sauko giya guda, ki bar wahal da ita. Mai kuwa, ki zuba lambar da littafinta ya ce, na gaskiya.

Direban Agadas: Ni dai 20W-50 ɗina ban bari. Amma zan kawo ta a auna, Baba, in na juyo.

Malama mai Corolla: Salamu alaikum, na dawo da labari bayan kwana tara. Na cika tanki sau biyu a gidan mai, an canza buji huɗu, biyu daga cikinsu sun yi baƙi ƙirin, an wanke radiyeta, abin da ya fito daga ciki sai wanda ya gani. Jiya na je Ƙonni na dawo. Ƙarar ta ragu sosai, ban ji ta ba sai a hawa ɗaya bayan Badagishiri da na kunna sanyi, ita ma kaɗan. Man inji ban taɓa shi ba tukuna. Sai dai na lura yana raguwa, tun bidanj na baya na ƙara kusan lita ɗaya.

Mai shagon mai: Kin gani? Ragowar nan ta mai ce. Wanda kike zubawa ƙafewa yake da zafi. Ki gwada santetik bidanj ɗaya ki auna da kanki.

Injiniya daga Yamai: Zai iya rage ƙafewar, Alhaji, ban musa ba. In kuma segima ne ko robar bawul, mai tsadar ma ƙonewa zai yi, kuɗin ne za su bi hayaƙi. Malama, bidanj ɗin ya yi kilomita nawa? Kuma bujin nan biyu baƙinsu busasshe ne ko mai maiƙo?

Malama mai Corolla: Ya kusa 4000. Bujin suna cikin leda a but, da maiƙo a jikinsu.

Baba makanike: Kar ki yar da su. Ki zo da su garaji ran Asabar da hantsi, kar ki sayi mai tukun. In auna matsin silinda huɗun, in leƙa kan piston ta ramin buji. Alhaji, kai ma ka zo ka gani da idonka.