Drawing hand a wasan foka: ni dai na tsaya a kan "jiran ciko"

1/ Masu fassara, ku matso kusa. A wasan kartar nan na Amurka da ake kira foka akwai abin da suke ce wa drawing hand. Wanda ya buɗe ƙamus ya ɗauki ma'anar farko zai rubuta "hannun zane", alhali babu wanda ke zana komai a teburin. Wanda ya ɗan fi shi lura zai ce "hannun ja". Shi ma bai kai ba. Ga abin da nake ganin ya dace, da dalilina.

2/ Kafin wani ya ce me ya haɗa mu da caca: hukuncinta sananne ne, yana nan a Suratul Ma'ida aya ta 90, kuma ba shi muka zo tattaunawa ba. Amma labarin wasan yana shigo mana ta ƙofar kimiyya. A 2017 wata manhajar kwamfuta mai suna Libratus, ta Jami'ar Carnegie Mellon, ta kara da ƙwararru huɗu a birnin Pittsburgh, rabo 120,000 cikin kwana 20, ta doke su. A 2019 wata manhajar kuma, Pluribus, ta yi irin haka a tebur mai mutum shida. Duk wanda zai rubuta wa Bahaushe wannan labari, ko ya koyar da lissafin yiwuwa, sai ya nemo kalmomin.

3/ Yadda wasan yake, a gurguje. Nau'in da ya fi yaɗuwa shi ne Texas hold'em, wanda ake yin babbar gasar duniya da shi a Las Vegas, gasar da aka fara a 1970. Kati 52 ne. Ana ba kowa biyu a rufe. Sannan a buɗe biyar a tsakiyar tebur na kowa da kowa, amma ba lokaci guda ba: uku da farko, sai ɗaya, sai ɗaya. Bayan kowace buɗewa ana zagayen zubi, wato zuba kuɗi a tsakiya. Wanda ya haɗa biyar mafi ƙarfi daga bakwai ɗin nan shi ya ci, sai fa idan duk sauran sun ajiye katinsu tun kafin a kai ƙarshe.

4/ To a ce kana riƙe da 9 da 8, duka na zuciya, wato irin katin da ke da hoton zuciya. Aka buɗe ukun fari: sarkin zuciya, 4 na zuciya, da 2 na wani iri daban. A yanzu ba ka da komai. Mai riƙe da sarki ɗaya tak ya fi ka. Amma zuciya huɗu gare ka, saura ɗaya su zama biyar iri ɗaya, kuma akwai kati biyu da ba a buɗe ba tukuna. Wannan hali shi ne drawing hand.

5/ "Hannun ja" ya faɗi ne saboda a wajenmu jan kati aiki ne da ɗan wasa ke yi da hannunsa. A wot, idan ba ka da abin sakawa sai a tura ka kasuwa ka jawo. A hold'em ba ka jan komai, mai rabo ne ke buɗewa, kai naka ido. Turancin ya gaji kalmar ne daga wani nau'in foka da ake mayar da kati a karɓi sabo. 'Yan'uwanmu na Maradi da Damagaram da ke fassara daga Faransanci su ma tarkon na jiransu, don tirage da Faransawa ke cewa daga "ja" ɗin ya fito.

6/ Ita kanta "hannu" ban ga amfaninta ba. Bahaushe cewa yake "katina ya yi kyau". In ka ce masa "hannuna ya yi kyau" sai ya kalli yatsunka.

7/ Wani malami ya kawo "katin tsammani". Allah ya gafarta Malam, kalmar ta yi daɗin faɗi, amma kunnen Bahaushe na jin ta zai tafi ga tsammanin warabbuka, wato zaman jiran abin da ba ka da iko a kansa kuma ba ka san yawansa ba. Nan kuwa abin ƙidayayye ne. Zuciya 13 ce a cikin karta. Huɗu suna gabanka. Saura 9 a cikin kati 47 da ba ka gani ba. Yiwuwar ɗaya ta fito a buɗewa ta gaba kusan kashi 19 cikin ɗari ce, in kuwa za ka ga duka biyun, kusan kashi 35. Wannan ya wuce tsammani.

8/ Wata 'yar'uwa ta ce "kati mai rauni". Hajiya, wannan kam ƙarya zai sa mu yi. Canja ukun farin nan su zama sarkin zuciya, 6 na zuciya, da 7 na wani iri. Yanzu 6, 7, 8, 9 gare ka a jere, ga kuma zuciya huɗu. Kowace zuciya ta yi maka, su 9. Kowane 5 da kowane 10 ya yi maka, su 8, amma biyu daga ciki zuciya ne an riga an ƙirga su, saura 6. Jimla 15. Yiwuwar ka dace kafin ƙarshe ta kai kashi 54 cikin ɗari. Katin da har yanzu bai zama komai ba, amma ya fi rabi. Ina raunin yake?

9/ Saboda haka na ce "jiran ciko". Ciko kalmar kasuwa ce da kowa ya sani: an ba ka wani abu, saura kaɗan ya cika. Ba ta ce abin da ke hannunka banza ne ba, ba ta kuma yi alkawarin cikon zai zo ba. Sannan tana haihuwa, wanda shi ne babban gwajin sabuwar kalma. Katunan da za su cika maka, waɗanda Bature ke ce wa outs, sai su zama ciko kawai: "cikonsa tara ne." Wanda nasa ya riga ya haɗu, cikakken kati gare shi. In katin ya fito, "ya cika." In bai fito ba, "ciko ya ƙi."

10/ Ire-irensa ma sun samu suna ba wahala. Biyar iri ɗaya na so mu ce masa anko, mai huɗu kuma yana jiran cikon anko. Biyar masu bin juna a lamba jere ne. In kana da 6, 7, 8, 9, jere mai ƙofa biyu ke nan, ciko 8, kusan kashi 31 cikin ɗari in kati biyu suka rage. In kuwa 6, 7, 9, 10 gare ka, sai 8 kaɗai zai yi maka, jere mai giɓi ke nan, ciko 4, kashi 16 da ɗoriya. Turanci da Faransanci duka tumbin mutum suka tafi nema wa wannan suna (gutshot da ventrale). Mu giɓi ya ishe mu, don kowa ya taɓa ganin yaron da ya yi famfara.

11/ Yanzu ga inda kalmar ta fi biya na. Jira ba kyauta ba ne a wannan wasa, kowace buɗewa sai ka saye ta in wani ya zuba. Kuma tsadar jiran ta danganta da inda kake zaune. Abin da suke ce wa position ke nan, kuma a nan ma ana yawan zamewa a rubuta "matsayi". Matsayi na sarauta ne da ofis. "Wurin zama" ya fi kusa, amma kujerar ba ita ce maganar ba, don mutum bai tashi daga kujerarsa ba position ɗinsa ke canjawa a kowane rabo. Akwai ɗan faifai da ke zagaya tebur, yana matsawa hagu bayan kowane rabo. Mutum biyun da ke hagun faifan su ke yin zubin dole, ƙarami da babba, tun kafin su ga kati. Da zarar an buɗe ukun fari, su ne za su riƙa fara magana, mai faifai kuma shi ne na ƙarshe a duk zagaye ukun da suka rage.

12/ Ashe ke nan maganar ta wa zai fara ce da wa zai rufe. Shi ya sa na ce mu yi amfani da baki: bakin fari da bakin ƙarshe. "Yana da bakin ƙarshe a kaina." Na guje wa "na gaba" da "na baya" da gangan, don a Hausa "na gaba" yana iya zama wanda ya riga ka, yana kuma iya zama wanda zai biyo ka.

13/ Mu gwada kalmomin a cikin wasa mu ji ko za su ɗauki kaya. Koma kan 9 da 8 na zuciya, da sarki, 4, 2 a tsakiya. Ku biyu kuka rage.

Kai ne da bakin ƙarshe. Abokin karawarka ya ce ya wuce, bai zuba ba. Zaɓi biyu gare ka. Ka wuce kai ma, a buɗe na huɗu ba ka biya ko sisi ba, katin ɓagas ke nan. Ko ka zuba, tunda ya nuna maka ba shi da ƙarfi: in ya ajiye ka ci nan take, in ya bi ka har yanzu cikonka tara na nan. In kuma shi ya fara zubawa, ka riga ka ga farashin kafin ka taɓa aljihu. Akwai ma dabarar da tsofaffin 'yan wasa suka sani: ya zuba, ka ƙara a kai. Sau da yawa zai bi, sannan a zagaye na gaba ya wuce don yana shakkar ka. In ciko bai zo ba sai ka wuce, ka ga na biyar a ɓagas.

14/ Juya teburin, kai ne da bakin fari. In ka wuce, ka ba shi dama ya yanka maka farashin da ya ga dama. In ka zuba, yana iya ƙarawa ya tsadantar maka da jiran. Abin da ya fi ciwo ma sai ranar da cikon ya zo. Zuciya ta uku ta faɗo tsakiya, kowa na ganin ta, kuma kai za ka fara magana. Ka zuba da yawa, ya ajiye. Ka yi shiru don ya zuba, shi ma ya wuce. Ka biya kuɗin jira cif, ranar biyan buƙata kuma ka tashi da kaɗan. Kati ɗaya ne, ciko tara ne a duka halin biyu, amma mai bakin fari ya fi saye da tsada ya kuma fi sayarwa da araha. Wannan ne dalilin da ya sa ƙwararru ke ajiye irin su 9 da 8 in suna cikin masu fara magana a cikakken tebur, su shiga da su in faifai na gabansu.

15/ Lissafin farashin ba shi da wuya. An buɗe na huɗu, ciko bai zo ba, saura kati ɗaya. Cikonka 9 cikin 46, ƙasa kaɗan da kashi 20. Akwai dala 100 a tsakiya, ya zuba 50. Za ka sa 50 a kan jimlar da za ta zama 200, wato kana buƙatar ci sau ɗaya cikin huɗu, kashi 25. Ba ka kai ba. Da 25 ya zuba, kasonka 25 ne cikin 150, kusan kashi 17, jiran ya yi araha. 'Yan wasa suna da gajeriyar hanya: ninka ciko sau biyu in kati ɗaya ya rage, sau huɗu in biyu ne. Tara sau huɗu 36, ga shi kusa da 35 ɗin da muka samu. Malaman lissafi na sakandare, ga darasi a shirye.

16/ Zubin da mai jiran ciko ke yi don ya razana abokin karawa, semi-bluff a bakinsu, na sa masa "burga mai madogara". Burga zalla ita ce ta wanda ba shi da komai kuma ba ya jiran komai. Wannan kuwa in an ƙi razana yana da abin jingina.

17/ Akwai wadda ba sai mun ƙirƙira ba, Hausa ta riga ta ajiye mana. Wani lokaci kana jiran ciko alhali ko ya zo ba zai cece ka ba. A ce na huɗun da aka buɗe wani 4 ne, abokin karawarka kuma sarki biyu yake riƙe da su. Yanzu yana da sarki uku da 4 biyu, haɗin da ya fi anko ƙarfi. Ko zuciyar ta fito, ka sha ƙasa. Bature ya ce drawing dead. Mu sai mu ce yana jiran gawon shanu. Mai bakin fari shi ya fi faɗawa wannan rami, don yana zubawa ne kafin ya ji ta bakin kowa.

18/ Ɗaya ta rage da nake son jin ta bakinku: implied odds. A lamba 15 na ce bin 50 bai biya ba. Amma in kana da yaƙinin cewa ranar da ka cika zai sake zuba maka wani abu mai kauri a zagayen ƙarshe, lissafin na iya juyawa, don kana ƙirgawa har da kuɗin da bai shigo tsakiya ba tukuna. Kuma mai bakin ƙarshe ne ya fi iya karɓo wannan kuɗin. "Ribar gaba" ta zo mini, haka "kuɗin baya", amma ta farko ta yi kama da harshen banki, ta biyun kuma Bahaushe zai ɗauka bashi ake nufi. 'Yan kasuwar Kwari da na Kurmi, me kuke ce wa cinikin da kuka saki da ɗan rangwame yau saboda kun san mutumin zai dawo da babban oda?