Musayar Waƙa: Waya Mai Ƙaya a Rafin Pecos

Ɗan Rafi:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina zaune a jihar New Mexico ta Amurka. Tsarin mulkin jihar ya ce ruwan rafuka na jama'a ne. Amma a 2015, bayan kamun ƙafar masu manyan gandaye, aka yi dokar hana taka ƙasan rafin da ya ratsa filin wani sai da rubutaccen izininsa, a 2017 kuma hukumar namun daji ta tsara yadda za su karɓi takardar rufewa. Ga abin da idona ya gani.

Bismillahi, Mai girgije da kogi,
Shi ya zubo ruwa ba don sayarwa.
Na ɗau fatsa na nufi rafin Pecos,
Zuciya fes, ina ɗokin kaiwa.
Sai ga waya mai ƙaya ta gitta rafi,
Gaɓa zuwa gaɓa, ba wurin wucewa.
Allo a kai, wai ƙasan na mai gandu ne,
Ka taka yashi ka jawo kamawa.
Ruwa namu, yashin ciki na mutum ɗaya,
To a ina mai su zai yi tsayawa?

Inna Mai Alƙalami:
Ƙanena, share gumi ka saurara,
Ba a bakin rafi aka ƙulla wayar ba.
A Santa Fe, babban birnin jiha, aka murɗa ta tun farko,
Inda talaka bai san ƙofar shiga ba.
Kujeru 7 ne a hukumar namun daji,
Ba wadda ba gwamna ke naɗawa ba.
Mai gandu na da lauya da ɗan kamun ƙafa,
Bai taɓa rasa mai buɗe masa ofis ba.
Joanna Prukop ta shugabance su a 2019,
Suka ce a dakata, ba su ƙara rufe rafi ba.
Wa'adinta ya cika ƙarshen shekarar,
Gwamna Lujan Grisham ba ta sabunta ba.
Jeremy Vesbach kuma, ɗan hukumar, Janairun 2022,
Aka sauke shi, bai ƙarasa aikinsa ba.
Shi da bakinsa ya ce kan rafin ne,
Don bai bi layin masu gandu ba.
Wannan ya fi wayar yi mini ciwo,
Mai gadin amana bai tsira da kujera ba.

Manomin Tudu:
Hajiya, ki bar ni in sa baki,
Ni manomi ne, na san ciwon gona.
Mutum ya sayi fili da guminsa,
Ya gyara gaɓa, ya sha zafin rana.
Baƙi su zo su bar gwangwani da leda,
Su karya shinge, shanu su yi ɓarna.
In ya kai kukansa gaban gwamna,
Ina laifinsa? Ku fito ku nuna.

Almajirin Lauya:
Baba, kukanka yana kan hanya,
Gaɓa taka ce, ba mai taka maka.
Mai zubar da shara a ci shi tara,
Mai haura shinge a kai shi gaban doka.
Kai kuka gaban gwamna ba aibu ne ba,
Amma ba shi zai mai da rafin kowa naka.
Tun 1945 kotun ƙolin jihar
Ta ce su a ruwan jama'a halal ne, ba shakka.
Ran 1 ga Maris 2022 ta maimaita,
Ta soke ƙa'idar da takardun duka.
Mai su ya taka ƙasan rafi daidai buƙata,
Kar ya ɗaga ƙafa ya hau gonarka.
Masu gandu suka garzaya Washington,
A 2023 kotun ƙolin ƙasa ta ƙi ɗauka.

Maharbin Dutse:
Kuna ta ruwa, ni dawa nake wa kuka,
Elk, babbar barewar nan mai ƙahoni.
Ɗan jiha ya jefa suna a ƙuri'a,
Ya yi ta shekaru yana jiran izini.
Mai gandu kuwa hukuma ke ba shi nasa,
Tsarin EPLUS ne, na izinin farauta ga masu fili, ku duba ku gani.
Ya sayar wa baƙo da dubban daloli,
Naman jama'a ya zama hajar wani.

Ɗan Rafi:
Maharbi, naka da namu ciwon ɗaya ne. Baba Manomi, na ji maganarka, ga amsata.

Hukunci ya fito, wasu wayoyin na nan,
Sai da Raúl Torrez ya shiga tuhumawa.
Babban lauyan jiha ne, a 2023
Ya kai ƙara don a yi ciccirewa.
Ran Asabar zan koma Pecos da fatsa,
Ta gadar gwamnati zan yi gangarawa.
Baba, zan riƙe buhu a kafaɗa,
Gwangwani da leda duk zan yi tsincewa.