Na ƙara wa 5600X gudu, kwamfutar ta ƙi tashi: in sayi wani madabod ko in dakata?

Sadiq_Gwale: Assalamu alaikum jama'a. Firosesa Ryzen 5 5600X ce a kan madabod MSI B550, RAM DDR4-3600 sanda biyu, katin hoto RTX 3060, fawa saflai 550W. Jiya na yi obakulok, wato ƙara gudu: na shiga BIOS (shafin saitin bod) na kafe firosesa a 4.8GHz da 1.4V, na kunna XMP (saitin cikakken gudun RAM), na ɗaga FCLK (gudun hanyar da ke haɗa sassan cikin firosesa) zuwa 1900. Ina fita shi ke nan. Fankoki su juya, su tsaya, su sake juyawa, allo baƙi ƙirin, ƙaramar fitilar DRAM a kunne. Mai gyara ya ce bod ɗin ya ƙone, in kawo kuɗin wani. In saya, ko da sauran dabara?

Hamza99: Ɗora mata sabuwar Windows kawai.

Injiniya Bala: Ta wace ƙofa zai ɗora, alhali ko BIOS ba ta nunawa? Sadiq, kada ka sayi komai tukuna. Bod ɗin da ya ƙone da wuya ya tsaya yana nuna maka inda ya maƙale. Fitilar DRAM na nufin RAM ta kasa daidaitawa da saitin da ka ba ta. Zare wayar wuta daga bango, ka danne maɓallin kunnawa kamar daƙiƙa 15. Nemi jamfar JBAT1 a kan bod ɗin, filoli biyu ne, ka haɗa su da bakin sukundireba daƙiƙa 10, shi ne goge CMOS, wato mayar da saitin BIOS yadda ya zo. In ba ka gan ta ba, cire batirin CR2032 na minti biyar. Sai ka bar sandar RAM ɗaya tak a ramin A2, na biyu daga wajen firosesa. Kunna, ka ba ta minti biyu ko uku, kada ka yi gaggawar kashewa.

Ɗan Kurna: Jamfa kuma? Ashe kwamfutar ma ɗinkin Sallah take jira.

Maijidda IT: Cire katin hoton ka sa HDMI a jikin bod, ka gani ko za ta nuna.

Injiniya Bala: Hajiya, 5600X ba ta da sashen hoto a cikinta, sai mai G a ƙarshe irin 5600G. Ramin HDMI na bod ɗin ba zai ba shi komai ba.

Maijidda IT: Gaskiyarka, ban lura ba. Amma 1900 ɗin nan shi ne babban abin zargi. RAM ɗin 3600 da FCLK 1800 take tafiya kafaɗa da kafaɗa, kuma wasu firosesoshin ba sa tashi a 1900 sam. 1.4V a kafe ma ya yi yawa, firosesar da kamfani ya tsayar wa 4.6GHz. In ta farfaɗo, XMP kaɗai za ka kunna, RAM a 1.35V, wutar SoC (sashen firosesa mai kula da RAM) kada ta kai 1.2V.

Baba Lantarki: Duk kun bar jaki kuna dukan taiki. 550W na wane kamfani? Bod uku ne a kan teburina yanzu, duka fawa saflai na jabu ya kashe su. An rubuta 650W a jiki, ka ɗaga ka ji shi sakayau kamar fankon ashana. Ɗaya na buɗe, babu kariyar komai a ciki, kafasito sun kumbura, ya tafi da bod da SSD ɗin wani bawan Allah da aikin digirinsa a ciki. Mai shagon da ya sayar masa cewa ya yi ba ya karɓar kayan da aka jona wa wuta. To da me za a gwada shi, da ruwa? Sadiq, cire babbar wayar nan mai fil 24, ka haɗa koriyar waya da baƙa, ka auna wutar rawayar waya da mita. Ƙasa da 11.4V ko sama da 12.6V, jefar da shi.

Injiniya Bala: Baba, awo babu lodi ba ya tona asirin na jabu. Kuma fitilarsa DRAM ta nuna.

Baba Lantarki: Yaro, tun zamanin Pentium 4 muke shaƙar hayaƙin bod. Ku a YouTube kuka gani.

Hamza99: Batirin ma ka canja, ₦500 ne.

Ɗan Kurna: Wane ₦500? ₦1,500 na saya a titin Beirut.

Maijidda IT: Na ₦500 ɗin ka auna shi kafin ka bar shagon. Sabo ya kamata ya ba ka 3V ko ɗan sama.

Alhaji Sabo: B550 na hannu akwai a wajena, ₦95,000.

Hamza99: Alhaji, an yi min tayin irinsa ₦70,000 satin jiya.

Alhaji Sabo: Je ka saya, ka dawo ka ba mu labari.

Injiniya Bala: In goge CMOS bai yi ba, duba bayan bod ɗin ko yana da maɓallin Flash BIOS. Ka sa fayil ɗin BIOS a filash mai tsarin FAT32, ka sauya masa suna zuwa MSI.ROM, ka sa a ramin da aka yi wa alama. Amma kada ka fara sai a kan UPS ko inbata. Wuta ta ɗauke a tsakiya, ka ƙara wa kanka aiki.

Baba Lantarki: Yauwa, wutar ma ita ce uwar matsalar. A kawo ta rabi-rabi, fitila kamar garwashi, can kuma ta dawo da ƙarfi kamar an koro ta. Sitabilaiza mai rile kafin ya yi ƙas-ƙas ɗinsa an gama ɓarna. Ƙarshen wata kuma a kawo bil cikakke.

Ɗan Kurna: Mu layinmu taransifoma ce ta yi obakulok, wata biyu ke nan ba ta tashi ba. Ina JBAT1 ɗinta yake, Injiniya?

Sadiq_Gwale: Na haɗa filolin, na bar sanda ɗaya a A2. Fitilar ta wuce DRAM ta koma VGA, wato ta katin hoto, sai aka ɗauke wuta. Janareta ƙarami zai iya ɗaukarta?

Baba Lantarki: Kada ka kuskura. Har yanzu ba ka faɗa min sunan fawa saflai ɗin ba.