Yaro ɗan shekara 5 ya fara tambayar inda jarirai ke fitowa, me zan ce masa?

Maman Biyu, Narayi:
Salama gare ku 'yan'uwa. Ɗana shekararsa 5, ƙanwarsa 3. Ya dame ni da tambayar ta ina jariri ke shiga ciki, kuma wajen wanka ya fara lura jikinsa ba irin nata ba ne. Me Ikkilisiyar Katolika ta ce? In yi shiru har ya shiga ajin katekizim, wato ajin koyon addini a coci?

Katekis, Sabon Tasha:
Maman Biyu, kada ki jira mu. Paparoma John Paul na Biyu ya rubuta a 1981 cewa wannan tarbiyya haƙƙi ne kuma nauyi ne na iyaye, mu masu taya ku ne kawai. Takardar da majalisar Vatikan mai kula da iyali ta fitar a 1995 ta kira lokacin daga wajen shekara 5 zuwa balaga shekarun rashin laifi, ta ce kada a ɗora wa yaro bayanin da bai buƙata ba. Amma ba ta ce a yi ƙarya ba.

Fara da tambayarsa: "Kai me kake tsammani?" A nan za ki gane abin da ya riga ya ji da bakin da ya ji shi. Sai amsa gajeriya: "Allah ne ke ba Baba da Mama jariri saboda ƙaunar aurensu, ya yi girma a wani wuri cikin Mama da ake kira mahaifa, wata tara." Idan ya koma wasansa, ya ƙoshi, ki bar shi. Labarin "a asibiti muka sayo" shi ne matsala: ranar da wani yaro a makaranta ya gyara masa zance, ya daina tambayarki ke nan.

Nas, Kakuri:
Baba Katekis ya gama da wancan, ni wankan zan taɓa. Daga shekara 3 a koya wa yaro sunan wurin kai tsaye, gaba ko al'aura, ban da sunayen wasa irin "biskit". Yarinyar da ta ce wani ya taɓa mata biskit, wa zai gane? Wajen shekara 5 a bar shi ya wanke gabansa da hannunsa, kina tsaye, kuma a raba musu wanka. A gidan haya kada a aike shi ɗakin maƙwabci shi kaɗai, ko da an saba.

Ƙa'ida uku ta ishe shi: inda wando ke rufewa ba mai taɓawa sai Mama ko likita a gaban Mama, ba a riƙe wa babba asiri, zai iya cewa a'a ko ga kawu, ko malami, ko mutumin coci. Idan kin same shi yana wasa da gabansa, ki kawar da hannun, ki ba shi wani aiki. Bulala a nan tana koya masa cewa maganar wurin tana jawo duka, sai ya ɓoye ranar da wani ya cuce shi.

In har, Allah ya kiyaye, an taɓa yaro: kada a yi masa wanka, kada a wanke kayansa, a kai shi asibiti nan take. Maganin kariya daga cutar ƙanjamau sai an fara shi cikin awa 72. Akwai cibiyar Salama, mai kula da waɗanda aka yi wa fyaɗe ko lalata, a asibitin Gwamna Awan nan Kakuri, Kaduna.

Wata uwa, Zumuntar Mata, Barnawa:
Ƙari kaɗan, 'yar'uwa. Ikkilisiya tana ɗaukar shekara 7 a matsayin lokacin da yaro ya yi hankalin rarrabe daidai da kuskure, don haka kada ki ce wa ɗan shekara 5 ya yi zunubi saboda tambaya. Ki ce masa jikinsa kyautar Allah ne, shi ya sa muke suturta shi. Maigida ma ya sa baki, ɗa namiji ya fi sakewa da ubansa idan balaga ta matso. Ita kuma ƙaramar, ki yi mata bayanin jinin al'ada tun tana 8 ko 9, don wasu kan fara gani a 10. Masu ɗaki ɗaya, labule mai kauri tsakanin gado da shimfiɗar yara, kuma wayarki kada ta kwana a hannunsu.