Shawarwarin da aka bayar kan zuwa Yankari

Mun zauna a Alkaleri da wasu malamai da direbobi da wani dattijo tsohon ma'aikacin gandun daji, muna tattauna yadda masu yawon buɗe ido za su taimaki Yankari. Tun 1956 aka keɓe dajin, kuma giwayensa na cikin 'yan kaɗan da suka rage a Najeriya.

An fi daɗewa kan maganar ƙauyukan kewaye. Baba ya ce manomin da giwa ta cinye wa gero, bai kuma ga ko sisi daga kuɗin baƙi ba, da wuya ya tona asirin mafarauci ko mai ƙona gawayi. Wallahi gaskiya ya faɗa. Don haka baƙo ya riƙa sayen abinci da zumar amya a hannunsu, ya kuma sallami ɗan jagora da kyau.

An ce kada a sauka daga mota a gefen kogin Gaji. Kada a ba birai abinci a wajen ruwan ɗumi na Wikki, sun saba har suna fizge jaka. Leda da robar ruwa a koma da su gida. Naman daji kuwa, ko an yi maka tayi a bakin hanya, kada ka saya.