Shawarwarin masu keke kan hanyoyin tsakuwa na dajin Michaux

Dajin Michaux da ke jihar Fensilbaniya a Amurka ya haura eka 85,000, kuma waɗanda suka saba tuƙa keke a cikinsa bakinsu ya zo ɗaya kan batun taya: a sa mai faɗin milimita 40 zuwa 45, marar tub, a ɗan rage mata iska. Duwatsun wurin kaifi gare su, siririyar taya ba ta kai labari a gangara.

Sabon zuwa, aka ce, ya fara daga Pine Grove Furnace ko Caledonia, wuraren shaƙatawa na jihar da ke haɗe da dajin, inda akwai wurin ajiye mota. Ya sauke taswira a waya tun daga gida, don sabis yakan ɗauke cikin kwazazzabai. Hanyar Appalachian da ta ratsa dajin ta masu tafiya a ƙasa ce, an hana keke hawanta.

An yi saɓani kan shiga dajin da keke a ƙarshen Nuwamba, lokacin farautar barewa da bindiga. Wasu sun ce sa riga mai ruwan lemo don mafarauta su hango mutum ya wadatar, wasu suka ce a haƙura gaba ɗaya. Ni dai ina bayan masu haƙuri. Da bazara kuwa, a duba kaska a bayan gwiwa da ƙugu kafin a shiga mota, saboda cutar Lyme da cizon kaska ke yaɗawa.