Kafin ka nemi masu zuba jari a Saudiyya

A wani zama da matasanmu suka yi a Jidda, an fi nanata cewa mai zuba jari a sabon kamfani ba rance yake ba ka ba, kaso yake saya. Idan ya ba da riyal 500,000 a kan kashi 20 cikin 100, ya kimanta kamfanin riyal miliyan 2.5 ke nan, kuma duk sabon jarin da ya shigo, kasonka raguwa zai yi. Kada ka sa hannu sai lauya ya duba sharuɗɗan.

Dattawan wurin suka ce a fara samo masu sayen hajar kamfanin tukuna, kuma gaskiyarsu. Wanda ba ɗan ƙasa ba ya bi ta Ma'aikatar Zuba Jari, ya guji rajista da sunan Basaudiye a ɓoye, doka ta haramta.